Abin da zanen tufafin yayi ya nuna game da matan Turai, da abin da ya ɓoye

Kafin kyamara ta karɓe aikin, a kan takarda yayin tufafi yake tafiya daga Paris zuwa Landan, ko Vienna, ko Philadelphia. Mai zane zai zana mace sanye da sabon ɗinki, mai sassaƙa ya kwafe zanen a jikin farantin jan ƙarfe, a buga shi baƙi da fari, sannan a bi kowace takarda da burushi ana shafa mata launi da hannu kafin a saka ta a tsakiyar mujalla. Dubban waɗannan takardu suna nan ajiye a gidajen tarihi irin su Victoria and Albert na Landan da Metropolitan na New York. Masu ɗinka kayan fim suna yawan komawa gare su don su ga yadda hannun riga yake a shekara kaza. Amma amfaninsu ya wuce nan, domin duk mai son sanin aikin da Turawa suka yanka wa mace daga wajen 1770 zuwa 1950 zai same shi a zane ƙarara, muddin bai manta cewa talla yake kallo ba. Mai talla kuwa abin da yake so a yi sha'awa yake nunawa, sauran ya rufe.

Da farko 'yar tsana ce ke yin wannan aiki. A Paris ake ɗinka mata kaya irin na manya, a aika da ita fadojin sarakunan Turai, matan fada su duba su ba telolinsu. A 1678 mujallar Mercure galant ta fara buga zanen tufafin yayi tare da bayanin yadin da inda ake sayensa. Zamanin Sarkin Faransa Louis na 14 ke nan, lokacin da gwamnati ta ɗauki sana'ar siliki da leshi a matsayin dukiyar ƙasa. A zanen wannan zamani namiji bai bar wa mace ado ba. Shi ma yana da leshi a wuya da hannu, ga gashin kanti har kafaɗa, ga takalmi mai tsini. Abin da tufafi ke rabawa a lokacin shi ne mai sarauta da talaka.

Haka abin yake har shekara ɗari bayan nan. Tarin zanen da ake kira Galerie des Modes, wanda aka yi ta fitarwa daga 1778 zuwa 1787, ya haura zane 400, kuma a ƙarƙashin kowanne akwai rubutun da yakan faɗi matsayin wadda aka zana: wannan matar fada ce, wannan matar attajirin birni ce. A cikinsu har akwai mai renon 'ya'yan manya, da mai sayar da kayan ado tana ɗauke da kwalinta za ta kai wa masu saye. Wannan abu ne da ya kamata a riƙe, domin nan gaba kaɗan mace mai sana'a za ta ɓace daga irin wannan zane kusan ɗungurungum.

Ga matar sarki kuwa, tufafi ofis ne. A 1783 mai zane Élisabeth Vigée Le Brun ta baje hoton Sarauniyar Faransa Marie Antoinette sanye da farar rigar auduga shara-shara, marar ƙarfe marar nauyi, an ɗaure ta da ɗan ƙyalle a ƙugu. Jama'a suka ce an zana sarauniya da rigar ciki. Sai da aka sauke hoton, aka maye shi da wani wanda ta sa siliki. Ba a yarda jikin sarauniya nata ne ita kaɗai ba. Wuri ne da ake baje darajar sarauta da kayan masaƙan Faransa.

Da juyin juya halin Faransa ya zo a 1789, mujallun yayi suka bi iska. Aka shiga zana mata da shuɗi da fari da ja, launin sabuwar ƙasa. Matan Paris da gaske suke: sun yi tattaki zuwa fadar sarki da ke Versailles, sun kafa ƙungiyoyin siyasa, sun cika zauren majalisa suna saurare. A watan Oktoban 1793, bayan wata rigima tsakanin matan kasuwa da mata 'yan gwagwarmaya a kan sanya alamar juyin juya hali da jar hula, majalisa ta ce kowa ya sa abin da ya ga dama daidai da jinsinsa, kashegari kuma ta rufe ƙungiyoyin siyasar mata baki ɗaya. Mujallar Journal des dames et des modes, wadda ta fara fitowa a 1797, cike take da mata cikin fararen riguna marasa nauyi irin na gumakan Girka, an ɗaga ƙugun rigar zuwa ƙasan ƙirji, jiki ya sake. Wanda ya ga zanen kaɗai zai ce an kwance wa mace mari. Amma a 1800 hukumar 'yan sandan Paris ta ce duk macen da ke son sa wando sai ta nemi izini a rubuce, kuma kundin dokar Napoleon na 1804 ya rubuta cewa miji ya kare matarsa, mata ta yi wa mijinta biyayya. Rigar ta yi sauƙi a daidai shekarun da doka ta ƙara nauyi. Za mu sake cin karo da irin wannan saɓani.

Ƙarni na 19 shi ne lokacin da wannan zane ya fi bunƙasa, kuma nan ne ya fi cancantar a tsaya. Mazan Turai masu hali sun ajiye leshi da launi, suka koma baƙar kwat da wando, kayan mai zuwa banki da kotu da masana'anta. Adon da namiji ya ajiye bai ɓace ba, matarsa aka ɗora wa. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka Thorstein Veblen ya bayyana wannan a 1899: tufafin matar mai kuɗi shaida ce ga idon duniya cewa mijinta yana da abin da zai ciyar da mutumin da ba ya aikin komai. Tufafin da aka zana sun gaskata shi. Ɗamarar ciki mai sanduna tana matse ƙugu har sunkuyawa ta yi wuya. A shekarun 1840 ana ɗinka hannun riga ƙasa da kafaɗa, yadda ɗaga hannu sama sosai ba ya yiwuwa. Siket ya yi ta faɗi har ya zama sai an sa masa keji na waya a ciki, wanda ya bazu daga 1856. Farar safar hannu kuwa ba ta jure taɓa komai.

Ni a ganina wurin da ya fi faɗin gaskiya a waɗannan zane-zane shi ne hannu. Duba abin da aka riƙa mata: mafici, laima, fure, wasiƙa, ɗan littafi, hannun yarinya ƙarama, ko ɗan saƙa na ado wanda ba don sayarwa ba. Ba ta riƙe da tsintsiya ko tukunya, ba ta riƙe da kuɗi, ba ta riƙe da alƙalamin lissafi. Sannan duba inda aka tsayar da ita. Jules David, wanda ya shafe shekaru kusan hamsin yana yi wa mujallar Le Moniteur de la Mode zane tun daga 1843, shi ne ya shahara wajen sanya matan a cikin cikakken wuri maimakon farar takarda: falo mai piyano, lambu, baranda, zauren rawa, bakin teku. Wuraren nan duka na hutu ne da ziyara. Fuskokin kuma kusan ɗaya ne, ƙaramin baki, manyan idanu marasa damuwa, kafaɗa a zube, ƙafa 'yar mitsitsiya in ma ta leƙo. Rigunan zamanin da suka rage a gidajen tarihi da hotunan kyamara na farko sun nuna cewa matan gaske ba su da irin wannan siririn ƙugu. Mai zane ya rage shi ne da gangan.

Rubutun da ke ƙarƙashin zanen ma yana koyar da yadda za a raba yini: rigar safe ta cikin gida, rigar fita yawo, rigar kai ziyara, rigar cin abincin dare, rigar rawa. Macen da za ta canza kaya sau uku ko huɗu a rana, kayan da maɓallansu ke baya, dole tana da mai yi mata hidima, dole kuma ba ta da wani aikin da ke jiran ta. Haka aka raba rayuwarta gaba ɗaya: yarinya, budurwar da ta isa shiga taro, amarya, uwa, mai takaba. Farar rigar aure ta samu karɓuwa sosai bayan Sarauniyar Ingila Victoria ta sa irinta a 1840. Da mijinta Albert ya rasu a 1861, ta zauna cikin baƙaƙen kaya har ta mutu a 1901, mujallu kuma suka yi ta buga zanen kayan takaba mataki-mataki, daga baƙi ƙirin marar sheƙi zuwa toka-toka da shunayya. A Ingila ana sa ran matar da mijinta ya mutu ta shafe shekara biyu ko fiye a haka, mijin da matarsa ta mutu kuwa baƙin ƙyalle a hula na 'yan watanni ya wadatar. Kowane mataki na rayuwarta an auna shi ne da wani namiji: wanda za ta aura, wanda ta aura, wanda ya mutu ya bar ta. Mai ciki ba ta bayyana a zanen, duk da cewa matan zamanin sukan shafe shekaru masu yawa tsakanin goyo da ciki. Tsohuwa ma da wuya a gan ta.

A ajiye wannan kusa da doka, sai hoton ya cika. A Ingila, kafin dokokin 1870 da 1882, abin da matar aure ta samu da guminta da kayan da ta shigo da su na mijinta ne a idon shari'a. Millicent Fawcett, wadda daga baya ta jagoranci fafutukar neman ƙuri'ar mata, ta ba da labarin yadda ɓarawo ya sace mata jakar kuɗi, da aka je kotu sai ta ji ana karanta tuhuma cewa an saci jaka daga jikinta, mallakar mijinta Henry Fawcett. Matar da ke tsaye a zane cikin yadi mai tsada tana baje dukiyar da ba ta da ikon cewa tata ce.

Duk da haka kuskure ne a ɗauki zanen a matsayin hoton matan Turai. Da wani masanin tarihi zai zo nan da shekara ɗari ya tattara fastocin salon ɗinki da ke manne a shagunan teloli a Kano ko Damagaram, ya ce ga yadda matan Hausawa suka rayu, zai kammala cewa ba su da aiki sai zuwa biki. Ba zai ga mai tuyar ƙosai ba, ba zai ga malamar makaranta ko ungozoma ba. Matan Ingila da Faransa ma haka ne. Mafi yawansu suna aiki, a gona, a masaƙa, a wurin wanki, a gidajen masu kuɗi. Zuwa ƙarshen ƙarnin, 'yan aikin gida mata a Ingila sun haura miliyan ɗaya. Idan ɗayarsu ta shigo zane, a gefe take, tana riƙe da jariri ko tana gyara wa uwar ɗakinta gashi.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan tarihi shi ne cewa takardar da ke koyar da cewa mutuncin mace yana cikin zaman hutu, mata masu neman abinci ne suka yi ta. Mujallar Godey's Lady's Book ta Philadelphia, wadda ta fara a 1830, ta kai masu biyan kuɗi kusan 150,000 a wajen 1860, a kan dala uku a shekara. Mata kusan 150 ne ke zama suna shafa wa zanenta launi da hannu kowane wata. Editar mujallar daga 1837 zuwa 1877, Sarah Josepha Hale, bazawara ce da mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyar, da alƙalami ta ciyar da su. Ta yi yaƙi sosai don a ilimantar da mata, ta goyi bayan a samu likitoci mata, amma ba ta goyi bayan ba su ƙuri'a ba, kuma shekara arba'in tana gaya wa masu karatunta cewa gida ne fagen mace. A Paris, 'ya'yan mai zane Alexandre Colin su uku, Héloïse Leloir da Anaïs Toudouze da Laure Noël, suna cikin waɗanda suka fi kowa yawan zanen yayi a tsakiyar ƙarnin. Sun yi aure, sun haihu, sun ci gaba da sana'a, har 'yar Anaïs ta gaje ta. Mujallar La Mode illustrée, wadda aka kafa a 1860, Emmeline Raymond ce ta riƙe ta shekaru da dama. Waɗannan mata sun san rayuwar mai aiki da hannunta ciki da waje, amma kasuwa ba ta sayen wannan hoton, saboda haka ba su zana shi ba.

Ƙasa da su akwai masu allura. A watan Yunin 1863 wata maɗinkiya 'yar shekara 20, Mary Anne Walkley, ta mutu a wani gidan ɗinkin manya da ke titin Regent a Landan, bayan ta yi aiki fiye da awa 26 ba hutawa a ɗaki mai cunkoso, ana gaggawar gama rigunan wata liyafar girmama sabuwar matar Yariman Wales, magajin gadon sarautar Ingila. Mujallar barkwanci ta Punch ta buga zanen John Tenniel: wata mai hali tana duba sabuwar rigarta a madubi, sai ta hango gawar maɗinkiyar a bayanta. Wannan shi ne ɓangaren da mujallar yayi ba za ta taɓa bugawa ba. In aka bi zaren auduga kuma, sai ya kai mutum masaƙun Lancashire inda mata da yara ke aiki, daga nan ya tsallaka teku zuwa gonakin kudancin Amurka inda bayi 'yan asalin Afirka, maza da mata, ke tsince ta. Elizabeth Keckley baiwa ce da ta fanshi kanta da ɗanta a 1855 ta hanyar ɗinki, ta zama mai ɗinka wa matar Shugaban Amurka Lincoln kaya a Washington. Tana cikin gwanayen wannan sana'a a ƙasarta, amma mace mai irin fatarta ba ta da gurbi a matsayin abin koyi a shafin yayin Godey's.

Adalci ne kuma a faɗi abin da zanen ya yi wa mata na alheri, domin ya yi. Sanin yayi a da sirrin 'yan fada ne da telolinsu. Mujalla ta fasa wannan. Samuel Beeton ya fara Englishwoman's Domestic Magazine a 1852 a kan kwabo biyu. A 1860 shi da matarsa Isabella suka je Paris suka ƙulla yarjejeniyar shigo da zanen Jules David, farashi ya koma sisi, kuma mai saye tana samun takardar awon yanka da za ta shimfiɗa a kan yadi. Keken ɗinkin Singer ya samu rajista a 1851, Ebenezer Butterick ya fara sayar da takardun yanka masu girma daban-daban a 1863, launin shunayyar da William Perkin ya haɗa daga sinadari a 1856 ya buɗe ƙofar rini mai araha. Matar akawu a ƙaramin gari ta samu damar ɗinka wa kanta abin da ya yi kama da na matar attajiri. Kejin siket ɗin nan ma, duk da haɗarin gobara da ya jawo, ya fi tarin fatari masu nauyi da ya maye gurbinsu sauƙin ɗauka, kuma yana da arha har 'yan aikin gida da 'yan masana'anta suka sa shi. Yawancin ba'ar da jaridu suka yi masa haushi ne na ganin 'yar aiki ta yi shigar uwar ɗakinta, da ganin mace ta cinye fili a titi.

Akwai wani abu kuma da ake gani in aka jera zanen shekara bayan shekara. Galibi mata biyu ake zanawa, saboda a nuna gaban riga da bayanta, kuma namiji ba safai yake ciki ba. A hankali waɗannan mata biyu suka fita daga falo. Sai ga su a gaban kanti, a wurin baje kolin zane, a tashar jirgin ƙasa, a filin sukuwa. Manyan kantuna irin su Le Bon Marché na Paris sun ba matar mai hali dalilin da al'ada ta amince da shi na fita ba tare da muharrami ba. 'Yanci ne ƙanƙane, na mai saye, amma ƙofar gida ya buɗe.

Macen da ta nemi abin da ya wuce wannan, wani irin zane ne ke jiran ta. A 1851 Amelia Bloomer, mai jaridar The Lily a jihar New York, ta tallata gajeren siket a kan wando mai faɗi don mace ta iya tafiya da hawa bene ba wahala. Masu zanen barkwanci suka yi mata ca, suna zana mata da wando da sigari a baki, mazansu na gida suna reno. Cikin 'yan shekaru yawancin waɗanda suka sa kayan suka ajiye, saboda dariyar ta danne maganar da suke son a ji. Zanen yayi da zanen ba'a aiki ɗaya suke yi ta fuska biyu: ɗaya yana lallashi, ɗaya yana tsoratarwa. Abin da hujja ta kasa, keke ya yi shi. Da keke mai ƙafafu daidai ya bazu a shekarun 1890, mujallun da suka guji wando suka fara buga kayan hawan keke, da na wasan tanis, da kwat ɗin mata mai sauƙi, da farar riga mai maɓalli a gaba wadda ake sawa da siket. Wannan lokaci ne da 'yan mata ke shiga ofis suna buga tafireta, suna aikin tarho, suna koyarwa. A Amurka Charles Dana Gibson ya zana budurwa doguwa mai ɗaga kai, mai wasa da iyo, har aka sa mata sunansa. Sai dai ita ma farar fata ce 'yar masu kuɗi, ƙugunta a matse, ƙarshen labarinta aure. Irin farar rigar da take sawa kuwa, 'yan mata baƙin haure, Yahudawa da Italiyawa, ke ɗinka ta a New York. A ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a masana'antar Triangle, ƙofofi a kulle, mutum 146 suka mutu, mafi yawansu waɗannan 'yan mata.

A farkon ƙarni na 20 zanen ya zama fasaha mai zaman kanta. Mai tsara tufafi Paul Poiret ya sa Paul Iribe ya zana masa kundin rigunansa a 1908, Georges Lepape ya yi masa wani a 1911, sannan mujallar Gazette du Bon Ton ta fito a 1912 da launuka masu ƙarfi da siffofi miƙaƙƙu. Poiret ya yi alfaharin raba mata da ɗamarar matse ƙugu, amma shi ne kuma ya yayata siket mai matsattsen baki wanda ke hana dogon taku. Ya cika kayansa da rawani da wando irin na matan fadar Turkiyya kamar yadda Bature ke hasashensu. A zanen wannan zamani, lokacin da Faransa ke mulkin mallaka daga Aljeriya har Nijar, baƙar fata yakan fito ne a matsayin bara mai riƙe da laima ko faranti, don hasken matar da ke tsakiya ya ƙara fitowa. Mai karatu daga wannan ɓangare na duniya yana da haƙƙin ya lura da wannan, ya kuma ji zafinsa.

Yaƙin duniya na farko ya tura mata masana'antar makamai da tuƙin mota da asibitin fagen fama. Zanen shekarun 1920 ya nuna mace mai gajeren gashi, siket a gwiwa, ƙugu a sake, tana tuƙi ko tana riƙe da sandar tanis kamar zakarar wasan, Suzanne Lenglen. An zana ta tana motsi. A wasu ƙasashen doka ta tafi tare da hoton: yawancin matan Birtaniya masu shekara 30 zuwa sama sun samu ƙuri'a a 1918, aka daidaita su da maza a 1928, na Amurka kuma a 1920. Amma Faransa, ƙasar da ta zana wannan sabuwar mace ta sayar wa duniya, ba ta ba matanta ƙuri'a ba sai 1944. Sai a 1938 aka cire wajabcin biyayya daga dokar aure, kuma sai a 1965 matar aure ta samu ikon kama aiki ko buɗe asusun banki ba da izinin miji ba. Siririn jikin da zanen ya yayata shi ma ya zo da nasa matsin, na rage cin abinci da ɗamarar roba.

Kyamara ta soma ture masu zane tun a shekarun 1930. A watan Yulin 1932 mujallar Vogue ta sa hoton kyamara mai launi a bangonta karo na farko, aikin Edward Steichen, kuma daga nan zane ya yi ta ja da baya. Amma ya yi wani babban aiki kafin ya koma gefe. A watan Fabrairun 1947 mai tsara tufafi Christian Dior ya fito da rigunan da suka dawo da siririn ƙugu da faffaɗan siket mai cin yadi da yawa, René Gruau kuma ya zana masa tallace-tallacen da suka zagaya duniya. A lokacin Birtaniya tana rabon tufafi da kati, abin da bai ƙare ba sai 1949, kuma ana sallamar matan da suka riƙe masana'antu lokacin yaƙi don sojojin da suka dawo su samu aiki. Wasu mata a Amurka sun fito da kwalaye suna adawa da dogon siket ɗin. Wasu da yawa kuma, bayan shekaru shida na yunifom da faci, sun so shi da zuciya ɗaya, suka ɗinka nasu a gida da duk yadin da suka samu.